Yadda Ake Tsara Ƙaramar Tirelar Kwana Marar Nauyi Wadda Motar Lantarki Za Ta Ja

Tirelar da ake magana a kanta a nan ba babbar motar nan mai dogon baya da ke dakon siminti ba ce. Ƙaramin ɗaki ne a kan taya biyu, wanda ake maƙalawa a bayan mota a tafi da shi bakin tafki ko gindin dutse, a kwana a ciki, a yi girki a gefensa. Al'ada ce da ta kafu a Amurka da Turai da Ostireliya, kuma tun a shekarun 1930 da 1940 mujallun masu aikin hannu a Amurka suke buga zanen wata irinta mai siffar ɗigon ruwa, wadda mutum zai haɗa a harabar gidansa da allunan filawud masu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Zuwan motar lantarki ya sa mutane sun sake waiwayar wannan tsohuwar siffa, domin masu jan manyan tirelolin kwana sun ga tafiyar da batir ke yi musu tana raguwa da kusan rabi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Batir mai cin yunit 60, wato irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa a gida, makamashin da ke cikinsa bai kai na litar fetur 7 ba, tunda kowace lita tana ɗauke da kusan yunit 9. Motar lantarki tana yin nisa da wannan ɗan guzuri ne saboda ba ta ɓarnar makamashi, don haka duk abin da aka ƙara mata nan take yake bayyana a allon gaban direba. Wanda ya fahimci haka zai gane cewa aikin yana farawa ne daga takarda da fensir, tun kafin a je wurin mai walda.

Mataki na farko: ka tambayi motarka

Ka buɗe littafin motar, ka kuma duba ɗan allon da ke manne a jikin ƙofa, ka fitar da lambobi uku: nauyin tirela mai birki da aka yarda ta ja, nauyin marar birki, da kuma nauyin da wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a mota, zai iya dannawa a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar. Bambancin da ke tsakanin motoci yana da yawa ƙwarai. A Turai an yarje wa Tesla Model Y ta ja kilo 1,600, haka ma Hyundai Ioniq 5 mai babban batir, amma MG4 kilo 500 kaɗai aka ba ta, Nissan Leaf ta farko kuwa ba a amince ta ja komai ba. Idan motarka tana cikin waɗanda ba a amince musu ba, to maganar ta ƙare a nan, domin ƙarfin inji ba shi ne hujja ba. Abin dubawa shi ne ko an gwada jikin motar da birkinta da sanyaya batirinta a kan wannan aiki.

Sai kuma doka. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya tirelar da ba ta da birki ba ta wuce kilo 750 da kayanta, a Birtaniya kuma an ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta, sannan wadda aka ƙera a gida sai an kai ta an duba ta kafin ta hau titi. Ka nemi sharuɗɗan ƙasar da kake tun yanzu, ka ajiye rasit na duk ƙarfe da fitila da tayar da ka saya, domin a wurin dubawa ana neman shaidar inda suka fito. Daga nan sai ka ɗauki awon motar: faɗinta, tsayin rufinta, da tsayin ƙwallon ja daga ƙasa. Model Y tana da faɗin kusan mita 1.92 da tsayin mita 1.62, kuma irin waɗannan lambobi su ne iyakar da tirelarka za ta zauna a ciki.

Mataki na biyu: siffa, wadda ita ce rabin aikin

Yawancin masu fara wannan aiki hankalinsu yana kan nauyi, suna ta rage kilo ɗaya a nan kilo biyu a can, alhali iska ce take cinye batir a doguwar hanya. Bari mu yi lissafi. Tirela mai kilo 500 a kan tayoyi masu kyau, a shimfiɗaɗɗen titi, gurzar taya da kwalta tana cin kimanin yunit 1.4 a kowace kilomita 100. Ko da ka yi ta fama ka sauke kilo 100 cur, abin da ka tsira da shi bai wuce yunit 0.3 ba. Hawan tudu ma haka: ɗaga kilo 500 zuwa tsayin mita 1,000 yana cin wajen yunit 1.4, kuma motar tana maido da wani kaso cikin batir a gangara.

Iska kuwa ba ta maido da komai. Turjiyarta tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki, ta yadda idan gudu ya ninka sau biyu ita sai ta ninka sau huɗu. A ɗauka tirela ta ƙara turjiya kwatankwacin ta motar da ke janta: a gudun kilomita 100 a awa wannan zai ci kusan yunit 7 a kilomita 100, a gudun 80 kuma kusan 4 da rabi. Motar da ke cin yunit 17 ita kaɗai, mai kai kilomita 350 da batir na yunit 60, sai ta koma cin fiye da 25, tafiyarta ta dawo wajen kilomita 235. Saboda haka nauyi magana ce ta doka da birki da lafiyar hanya, nisan tafiya kuwa yana hannun siffa da ƙafar direba.

Ƙa'idar farko ita ce tirela ta ɓuya a bayan mota. Mota ta riga ta keta iska ta buɗe hanya, kuma duk abin da ya leƙo sama da rufinta ko ya fito gefenta sabuwar iska zai kara da ita. Jiki mai faɗin mita 1.5 da tsayin da bai wuce na motar ba shi ne abin nema. Idan daɓen ya tashi santimita 40 daga ƙasa, za a samu kusan mita 1.1 a ciki, wanda ya isa mutum ya zauna a kan katifa kansa bai taɓa rufi ba. Tsayuwa dai babu ita. Salla da girki a waje ake yin su, a ƙarƙashin rumfar yadi da ake ɗaurawa a gefe, kuma a ganina wannan ba asara ba ce, tunda wanda ya baro gari ya zo daji ba zaman ɗaki ya kawo shi ba. Wanda lalle sai ya miƙe tsaye, sai ya yi rufi mai ɗagawa idan an sauka, ya san kuma ya ƙara wa kansa nauyi da wuraren yoyo.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi kusurwoyi. Gaban tirela ba ya bukatar tsini. Abin da yake bukata shi ne a lanƙwasa gefunansa na sama da na dama da hagu, lanƙwasar da ba ta gaza santimita 15 ba, don iska ta bi jiki ta wuce maimakon ta balle. Baya ne ya fi wuya, kuma a nan ne tsohuwar siffar ɗigon ruwa take yaudarar ido. Rufinta yakan gangaro da sauri har ya taɓa daɓe, iska kuma ba ta iya bin gangara mai tsanani, sai ta rabu da jiki tun daga sama ta bar guguwa a baya tana jan tirelar. Gangarar da iska ke iya bi ba ta wuce digiri 12 zuwa 15 ba. Abin da ya fi shi ne rufin ya sauko a hankali, gefuna ma su ɗan tsuke idan da hali, sannan a datse bayan a tsaye da baki mai kaifi. Injiniyan nan na Jamus, Wunibald Kamm, shi aka fi danganta wannan dabara da shi tun shekarun 1930, kuma ita ce ake gani a bayan motocin lantarki da yawa na yau.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu taruwa su yi yawa. Tazarar da ke tsakanin mota da tirela, gwargwadon gajartarta gwargwadon amfaninta, muddin but ɗin mota zai buɗu kuma kusurwar tirela ba za ta daki mota a kwana ba. Kusan mita 1 zuwa 1.2 yakan wadatar. Tayoyi su ɗan shige ƙarƙashin jiki don kada su zarce faɗin mota. A rufe ƙasan da lafiyayyen allo. Kada a ɗora komai a rufi, ko keke ko akwati.

Kafin ka yanke ko da allo ɗaya, ka zana girman daɓen a ƙasa da alli, ka tayar da bango da kwalaye, ka shimfiɗa katifar ka kwanta. Ka tashi zaune, ka juya, ka sauko da ƙafafu kamar za ka fita da asuba. Inda ƙugunka yake a lokacin da ka juyo, nan ne gurbin ƙofa, kuma ba a gane shi a takarda.

Mataki na uku: rabon nauyi

Ka yanke wa kanka jimilla, ka raba ta kamar kasafin kuɗi. Ga misali na tirela mai kilo 500 da kayanta: firam da sandar tayoyi da tayoyin kilo 140, daɓe 35, bango da rufi 90, ƙofofi da tagogi da fanka 35, katifa 20, akwatunan ajiya da na girki 35, kayan wuta 25. An tashi da 380, saura 120 na ruwa da abinci da tufafi da kujeru, kuma a tuna kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Ka ajiye sikeli a bakin wurin aiki, duk abin da zai hau tirelar, har gam da fenti, ya bi ta kansa a rubuta.

Mataki na huɗu: firam da tayoyi

A nan ba na ba da shawarar gwaji. Idan da hali, ka sayi haɗaɗɗen firam mai takardar shaida daga masu ƙera su, irin su AL-KO ko Knott, ka gina ɗakinka a kai. Idan kuwa za a haɗa ne, bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 50, mai kaurin 2, wanda kowace mitarsa ke da kusan kilo 3, ya isa kewayen daɓe, amma wuya yana son mai kauri fiye da haka. Wuyan ya kasance ƙarfe biyu da suka haɗu a gaba suka buɗe a baya, su zarce ƙarƙashin firam har kusa da tayoyi, domin wurin da wuya ya haɗu da gaban jiki nan ne ƙarfe yake gajiya ya tsage. Wannan walda ta ƙwararre ce, ba ta mai koyo ba.

Alminiyum yana jan hankali tunda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, sai dai taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, walda tana raunana shi, kuma jijjigar hanya tana tsaga shi a hankali. A ƙaramar tirela ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Sandar tayoyi mai roba a ciki ta fi mai sifirin dacewa, domin tana sauke jiki ƙasa kuma ba ta da tarkace. Ka zaɓi wadda ƙarfinta ya ɗan ɗara nauyinka, kamar ta kilo 750. Ta kilo 1,500 a ƙarƙashin tirela mai 500 tsalle kawai za ta riƙa yi tana kwance ƙusoshi. Da noti ake ɗaure ta, ba a yi mata walda, don zafi yana lalata robar. Kada ka huda ramukan ɗaurinta yanzu. Dalilin yana zuwa a mataki na ƙarshe. Game da birki, motar lantarki tana da nauyi, Model Y ta kai wajen tan biyu, saboda haka tirela mai kilo 500 marar birki ba ta fi ƙarfinta ba inda doka da littafin mota suka yarda, kuma hakan yana barin motar ta mayar da ƙarfin tsayawa cikin batir. Amma wanda zai riƙa bin tsaunuka ya sa birki, domin idan batir ya cika taf motar ba ta iya riƙe kanta da inji a gangara.

Mataki na biyar: bango da rufi

Allon filawud mai kaurin milimita 18 yana kai kilo 30 ko fiye, kuma da shi ne tirelolin gida da yawa suke yin ƙiba. Allon soso mai tauri da ake kira XPS, wanda ake sa wa gine-gine don tare zafi da sanyi, mai girma ɗaya da kaurin milimita 50, kusan kilo 5 ne. Shi kaɗai ba shi da ƙarfi, amma idan aka manna masa fata ciki da waje sai ya zama bango mai tauri, tunda fatun ne ke ɗaukar ja da dannawa, soson kuma yana riƙe su nesa da juna. A ciki a sa filawud na milimita 3 ko 4. A waje akwai zaɓi biyu: zaren gilashi da gam ɗin efoksi, ko kuma hanyar masu ƙaramin ƙarfi, wato yadin auduga mai kauri da gam ɗin katako marar jin ruwa da fenti.

Hanya ta biyun tana son natsuwa. A wanke yadin tukuna ya gama shan ruwansa ya tsuke, a goge shi. A goge fuskar soson da sanfefa, a bi ta da ƙananan huji don gam ya samu wurin kamawa. A shafa gam da abin birgima a ɗan yanki, a shimfiɗa yadin, a bi shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har sai an ji ya kwanta babu kumburi ko ɗaya, sannan a ci gaba. Yadin rufi ya sauko ya rufe bakin na bango da kamar santimita 5, yadda ruwa zai gangara ta kansa ba ya shiga ƙarƙashinsa ba. Bayan ya bushe sai fentin waje, shafa uku ko huɗu, har saƙar yadin ta cika. Fari ya fi, saboda rana. Inda rufi zai lanƙwasa, a tsattsaga bayan soson da zarto layi-layi ba tare da an ratsa shi ba, sai ya tanƙwaru cikin sauƙi.

Abu biyu ne ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, gam mai sinadarin narkarwa da kuma ruwan gam na foliyesta, wanda ake jiƙa zaren gilashi da shi, suna cinye soson nan take, don haka a gwada kowane gam a kan guntu tukuna. Na biyu, ƙusa ba ta kama soso. Duk inda ƙofa ko taga ko maratayi zai zauna, sai an binne katako a cikin bangon tun kafin a rufe shi. Ruwa kuwa shi ne ajalin tirelar gida, kuma ta bakin allo da ramin ƙusa yake shiga, saboda haka a shafe kowane bakin filawud da efoksi, a sa robar liƙi a ƙarƙashin kowace taga. Babbar ƙofar baya mai ɗagawa, wadda ake ɓoye kicin a ƙarƙashinta, kyakkyawa ce amma ita ce ta fi kowane wuri yoyo da nauyi. Ni na fi son akwatin girki da ake saukewa a ɗora a tebur.

Mataki na shida: wuta da iskar shaƙa

Fitilun hanya, wato na birki da sigina da na lamba, daga mota suke samun wuta ta soket mai baki 13 ko 7 a Turai. Kowace fitila a ja mata wayar dawowa tata, tunda katako da soso ba sa ɗaukar wuta. Wutar cikin ɗaki kuma ta zama daban, kada a jingina ta da ƙaramin batirin mota mai bolt 12. Batirin lithiyam nau'in LiFePO4 mai amfiya-awa 100 yana riƙe kusan yunit 1.3 a nauyin kilo 12 ko 13, alhali na dalma mai wannan girma ya kusa kilo 30 kuma rabinsa kaɗai ake iya sha. A sa fiyus dab da batirin. Motoci irin su Ioniq 5 da Kia EV6 suna ba da wutar gida har kilowat 3.6 daga babban batirinsu, wanda ya isa murhun lantarki da butar shayi, ya kuma raba ka da tukunyar gas. Farantin sola mai wat 200 yana tara kusan yunit 1 a yini mai rana sosai. Ya isa fitila da fanka da ƙaramin firji, amma a mota tafiyar kilomita 5 ko 6 ce kawai, don haka kada a sa rai zai yi mata caji.

Ɗaki ƙarami mai liƙaƙƙen bango yana bukatar kafofin iska biyu da ba a iya toshewa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da raga saboda sauro. Mutum biyu suna fitar da danshi mai yawa a dare ɗaya. Gawayi ko risho ko gas kuwa ba sa shiga ciki ko da sanyi ya kai inda ya kai, domin hayaƙinsu marar wari yana kashe mai barci.

Mataki na bakwai: daidaito da gwaji

Yanzu ne za a tsayar da gurbin tayoyi. Ka ɗora ɗakin a firam, ka loda komai a inda zai zauna a tafiya, har jarkar ruwa a cike, sannan ka sa bututu a ƙarƙashin firam ka riƙa matsar da shi har tirelar ta tsaya a kansa ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Nan ne tsakiyar nauyi, kuma tayoyi a bayansa za su zauna. A Turai ana son wuya ya danna da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirela, a Amurka 10 zuwa 15, ba tare da an wuce iyakar motar ba. Idan nauyin kilo 500 ne, daga ƙwallon ja zuwa tayoyi mita 2.8, kana son kilo 35 a wuya, sai ka ninka 35 da 2.8 ka raba da 500, ka samu kusan santimita 20 a bayan tsakiyar nauyi. Bayan an ɗaure, ka yanko guntun katako, ka tsayar da shi a kan sikelin awon mutum yadda bakin wuya zai zauna daidai tsayin ƙwallon, ka sauke wuyan a hankali ka karanta. Wuya marar nauyi shi ne ke sa tirela lilo a gudu, kuma kaya masu nauyi a can ƙarshen baya suna ƙara shi.

Gwajin farko a fili marar motoci ake yin sa, a gwada kwana da birki da ja da baya, sannan a hau titi a gudun 50, a ƙara zuwa 80. Bayan kilomita 50 ka tsaya ka sake ɗaure notin tayoyi, ka taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, zafi mai ƙuna kuwa alamar matsala ce. Idan lilo ya taso, ka riƙe sitiyari a miƙe ka sassauta totur sannu a hankali. A motar lantarki ɗage ƙafa gaba ɗaya tamkar taka birki ne, don haka ka rage ƙarfin wannan riƙewar a saitin mota kafin ka tashi.

Don ganin aikin siffarka, ka manna guntayen zaren ulu masu tsawon santimita 10 a rufi da gefuna da salatif, wani ya bi ka a wata motar yana ɗaukar bidiyo. Inda zaren ya kwanta ya miƙe, iska tana bin jiki; inda yake kaɗawa ko ya juyo gaba, ta balle, kuma nan ne wurin gyara. Sai ka zaɓi hanya ɗaya mai kilomita 30, a ranar da babu iska, ka je ka dawo a gudun 80 da tirela, ka sake ba tirela, ka rubuta abin da allon mota ya nuna. Da wannan lamba za ka tsara zangon caji, kana barin kashi 20 cikin 100 a batir saboda iskar gaba. Yawancin wuraren caji an yi su ne don mota ita kaɗai, sau da yawa sai an kwance tirela an tura ta gefe, saboda haka ka sa wa wuyan ƙaramar taya mai kyau, ka tanadi kwaɗon kulle shi da katakai biyu na tare tayoyi a wurin da hannu zai kai gare su ba sai an buɗe ƙofa ba.